Wace Waƙa Ce Ta Fi? Tarihin Gardama Kan Kiɗan New Wave

New wave suna ne da aka raɗa wa wani salon kiɗa da ya ɓullo a Amurka da Birtaniya a tsakiyar shekarun 1970, ya yi tashe har zuwa wajen 1985, sannan kasuwarsa ta fara ja da baya. Tun yana sabo masu saurarensa suka ɗauki al'adar jera waƙoƙinsa daki-daki, daga ta ɗaya zuwa ta hamsin ko ta ɗari, suna ja-in-ja a kan wadda ta cancanci zama a sama. Jera waƙoƙi ya girmi wannan kiɗa nesa ba kusa ba. Jaridar NME ta Landan ta fara buga jadawalin fayafayan da suka fi ciniki a watan Nuwamba na 1952, mujallar Billboard ta Amurka kuma ta ƙaddamar da jadawalinta na Hot 100 mai waƙa ɗari a watan Agusta na 1958. Abin da ya sa gardamar new wave ta fita daban shi ne masu yin ta ba su taɓa daidaitawa a kan iyakar kiɗan ba, balle a kan wanda ke da ikon yanke hukunci.

Tushen kiɗan yana wani ƙaramin gidan kiɗa mai suna CBGB, a unguwar Bowery ta birnin New York, wanda Hilly Kristal ya buɗe a 1973. Unguwa ce ta talakawa da mashaya a wancan lokaci, gidan kuma matsattse ne, amma mai shi ya yarda matasan da babu wanda ya san su su hau dandamali, muddin waƙoƙin da za su yi nasu ne. A nan Ramones da Television da Patti Smith da Blondie da Talking Heads suka goge. Kowa da irin kiɗansa. Abin da ya haɗa su shi ne sun gaji da manyan ƙungiyoyin rock na zamanin, masu cika filin ƙwallo da 'yan kallo, masu jan waƙa ɗaya ta yi tsawo saboda mai jita ya nuna bajinta. Akasarinsu gajeriyar waƙa suke so, mai kaifi, wadda za a gama cikin minti uku. 'Yan jarida suka haɗa su duka suka ce musu 'yan punk.

Ba a daɗe ba sunan punk ya zama kaya. Ranar 1 ga Disamba 1976 'yan ƙungiyar Sex Pistols suka yi ta zunduma ashar a wani shirin talabijin na kai tsaye a Landan, a gaban mai gabatarwa Bill Grundy. Washegari jaridu suka yi musu ca, garuruwa da dama suka soke wasanninsu, gidajen rediyon Amurka kuma suka ɗauki punk a matsayin kiɗan marasa tarbiyya. Seymour Stein, mai kamfanin fayafayi na Sire, wanda Ramones da Talking Heads ke ƙarƙashinsa, ya ga kasuwa za ta kuɓuce masa, sai ya dage a 1977 cewa a daina kiran mawaƙansa 'yan punk, a riƙa ce musu new wave. Ba shi ya ƙirƙiro sunan ba, domin an taɓa ba da shi ga sababbin masu shirya fim na Faransa irin su Truffaut da Godard a ƙarshen shekarun 1950, amma shi ya tura shi kasuwa. Ke nan tun asali sunan na talla ne, an ɗauko shi don ya buɗe ƙofar rediyo. Bai fayyace wani sauti guda ba, kuma duk rigimar da ta biyo baya daga nan ta samo tushe.

Cikin shekara biyu zuwa uku rumfar ta cika. Elvis Costello da Ian Dury sun shiga ta daga kamfanin Stiff na Landan, The Police suka shiga da kiɗa mai gaurayen rege, The Cars daga Boston, Devo daga Akron ta jihar Ohio, The B-52's daga Athens ta jihar Georgia. The Specials na Coventry, ƙungiyar da ta haɗa farare da baƙaƙe, suka zo da kiɗan ska na Jamaika. Gary Numan ya ci karo da na'urar sintasaiza ƙirar Moog a sutudiyo, ya mayar da ita gaba da jita, ya kai lamba ɗaya a Birtaniya sau biyu a 1979. A Birtaniya sunan ya shuɗe da wuri, masu sharhi suka karkasa kiɗan zuwa post-punk da synth-pop da New Romantic. A Amurka kuwa sai ƙara faɗi ya yi, har ya zama kusan duk wata sabuwar ƙungiya daga Ingila mai sintasaiza da baƙon aski new wave ake ce mata. Shi ya sa har gobe Ba'amurke zai sa Duran Duran da The Cure da The Smiths a jeri ɗaya hankalinsa kwance, ɗan Manchester kuma ya ce an haɗa abin da bai haɗu ba. Gardama da yawa a nan take tsayawa, ba a ma kai ga batun wace waƙa ce ta fi ba.

Alƙali na farko da ake kai wa ƙara shi ne kasuwa. Idan ciniki da yawan sakawa a rediyo ne ma'auni, lissafin a fili yake. A jadawalin ƙarshen shekara na Billboard, “My Sharona” ta The Knack ce ta zo ta ɗaya a 1979, “Call Me” ta Blondie a 1980, “Every Breath You Take” ta The Police a 1983, bayan ta yi mako takwas a lamba ɗaya. Sai dai masoya kiɗan sun daɗe suna kallon nasarar kasuwa da shakku. The Knack ba su gama cin moriyar waƙarsu ba aka tayar musu da gangamin ƙiyayya, ana cewa kamfani ne ya ƙera su. Abin da ya sami Blondie ya fi wannan nuna yadda zukata suke a lokacin. “Heart of Glass” tsohuwar waƙarsu ce tun zamanin CBGB, furodusa Mike Chapman ya sa suka sake gina ta a 1978 a kan bugun na'urar ganga ƙirar Roland da takun disko. Ta kai lamba ɗaya a Birtaniya da Amurka a 1979, a shekarar da ƙiyayyar disko ta kai har aka tara fayafayansa aka tarwatsa su a filin wasa na Comiskey Park a Chicago. Wasu tsofaffin abokan tafiyarsu a New York suka ce sun sayar da kansu. A yau da wuya a ga jerin da bai sa wannan waƙa kusa da sama ba, kuma abin da aka zarge su da shi, wato haɗa rock da kiɗan gidan rawa, shi ne ake yaba musu a kai.

Hujjar da masu ƙin hukuncin kasuwa suka fi kawowa ita ce “Vienna” ta Ultravox. A farkon 1981 ta yi mako huɗu tana lamba biyu a Birtaniya. Da farko waƙar John Lennon ce ta tare mata hanya, makonni kaɗan bayan an kashe shi, wannan kuwa babu wanda ya yi ƙorafi a kai. Daga baya sai wata waƙar barkwanci ta Joe Dolce, “Shaddap You Face”, ta haye samanta ta zauna. Abin ya tsaya wa mutane a rai shekara da shekaru. A ƙarshen 2012 masu sauraron tashar Radio 2 ta BBC suka zaɓi “Vienna” a matsayin wadda ta fi kowace waƙa da ta taɓa maƙalewa a lamba biyu a tarihin jadawalin ƙasar.

Alƙali na biyu su ne masu sharhi. A Amurka a wancan lokaci jaridar Village Voice tana tattara ƙuri'un marubutan kiɗa kowace shekara ƙarƙashin jagorancin Robert Christgau, kuma da aka buɗe rukunin waƙa guda-guda a 1979, Ian Dury ne ya lashe shi da “Hit Me with Your Rhythm Stick”. A Birtaniya a lokacin NME da Melody Maker da Sounds ke fitowa kowane mako, marubutansu matasa ne masu zafin alƙalami, suna iya ɗaga ƙungiya yau su kayar da ita wata mai zuwa. Su suka fi karkata ga waƙa mai nauyi da duhu. Babbar 'yar lelensu ita ce “Love Will Tear Us Apart” ta Joy Division, wadda ƙaramin kamfanin Factory na Manchester ya fitar a watan Yuni na 1980, wata guda bayan mawaƙin ƙungiyar, Ian Curtis, ya kashe kansa yana da shekara 23. Lamba 13 ta tsaya a jadawali. A 2002 NME ta ayyana ta a matsayin wadda ta fi kowace waƙa da aka taɓa fitarwa a faifai guda, ba a new wave kaɗai ba. Mujallar Rolling Stone ta sa ta a lamba 179 a jerinta na waƙoƙi 500 na 2004, da aka sake jerin a 2021 ta hau zuwa 41. Mutuwar Curtis tana da hannu a wannan daraja, babu mai musun haka, amma waƙar da kanta ta iya ɗaukar nauyin da aka ɗora mata.

Alƙali na uku, wanda ya mayar da gardamar al'adar shekara-shekara, shi ne mai sauraron rediyo. A wancan zamani John Peel yana gabatar da shirin dare a tashar Radio 1 ta BBC, kuma a 1976 ya nemi masu saurarensa su aiko masa da sunayen waƙoƙi uku da suka fi so a duniya. Katunan gidan waya suka yi ta shigowa, shi da kansa yake zama ya ƙirga ƙuri'un da hannu a cikin littafi, sannan ya saka waƙoƙi hamsin da suka yi nasara a ranakun Kirsimeti. Sunan jerin Festive Fifty. Wanda ya bi shi shekara bayan shekara zai ga yadda ɗanɗanon matasan Birtaniya ya juya cikin ƙanƙanin lokaci. A 1976 “Stairway to Heaven” ta Led Zeppelin ce ta zo ta ɗaya, wato irin doguwar waƙar da 'yan punk suka yi wa tawaye. A 1978 “Anarchy in the UK” ta Sex Pistols ta karɓe wurin ta riƙe shi shekara uku a jere. A 1981 “Atmosphere” ta Joy Division ta hau. Da aka koma zaɓen waƙoƙin shekara kaɗai, “Blue Monday” ta New Order ce ta ci a 1983. Peel bai cika jin daɗin zaɓin jama'arsa ba, ya sha yin ƙorafi cewa yana saka musu rege da kiɗan Afirka da hip-hop, amma su sai samarin Turawa masu jita suke zaɓa. Shi nasa zaɓin bai taɓa sauyawa ba: “Teenage Kicks” ta The Undertones, samari daga Derry a Ireland ta Arewa, wadda ya saka sau biyu a jere a shirinsa a 1978. Lamba 31 ta kai a kasuwa. Bayan rasuwarsa a 2004 aka rubuta baiti ɗaya daga cikinta a kan dutsen kabarinsa.

A Amurka tashoshi biyu ne suka yi irin wannan aiki. A lokacin KROQ ta Los Angeles tana ƙirga waƙoƙin shekara a ƙarshen Disamba, WLIR ta Long Island kuma tana ba masu saurare damar buga waya su zaɓi sabuwar waƙar mako. Ta waɗannan tashoshi ne Depeche Mode da The Cure suka tara mabiya a Amurka tun kafin manyan gidajen rediyo su waiwaye su.

Ranar 1 ga Agusta 1981 tashar MTV ta fara aiki, ta buɗe da bidiyon “Video Killed the Radio Star” na The Buggles, daga nan gani ya kori ji. Tashar tana buƙatar bidiyo dare da rana, mawaƙan Amurka ba su da su da yawa, na Birtaniya kuwa sun saba yin su saboda shirye-shiryen talabijin irin su Top of the Pops. Duran Duran suka je har Sri Lanka suka ɗauki bidiyon “Hungry Like the Wolf”, waƙar da ba ta yi motsi a Amurka ba sai da aka ga hotonta, sannan ta kai lamba uku. A tsakiyar 1983 kusan rabin waƙoƙi 40 da ke saman jadawalin Amurka na 'yan Birtaniya ne. A watan Afrilu na shekarar “Come On Eileen” ta Dexys Midnight Runners ta sauke “Billie Jean” ta Michael Jackson daga lamba ɗaya. Wannan zamani ya shigo da sabuwar tambaya cikin gardamar: waƙar ake yaba wa ko hoton? “Take On Me” ta a-ha, 'yan ƙasar Norway, an fitar da ita ta faɗi, sai da aka sake ɗaukar ta aka yi mata bidiyo mai gaurayen zanen fensir da mutane na gaske a 1985 ta kai lamba ɗaya a Amurka. Akwai kuma wani tabo a tarihin tashar da bai kamata a tsallake ba. A 1983 David Bowie ya tambayi ma'aikacinta Mark Goodman, a gaban kyamara, dalilin da ya sa ba a cika nuna baƙaƙen mawaƙa ba, alhali kiɗan da tashar ke cin kasuwa da shi ya ɗebo da yawa daga disko da funk da rege.

Rigimar na'ura ma ta raba kan masu gardama. Ga wasu, wanda bai iya jita ko ganga da hannunsa ba bai isa a kira shi makaɗi ba. A 1982 reshen tsakiyar Landan na ƙungiyar makaɗan Birtaniya ya zartar da ƙudurin neman a hana amfani da sintasaiza da na'urar ganga, saboda tsoron za su raba mutane da abincinsu. Ƙudurin bai hana komai ba. Tun a Kirsimetin 1981 “Don't You Want Me” ta The Human League, 'yan Sheffield, wadda aka gina kacokan a kan na'urori, ita ce lamba ɗaya a Birtaniya, a watan Yuli na 1982 kuma ta zama ta ɗaya a Amurka. Jagoran ƙungiyar, Phil Oakey, yana ganin ita ce mafi rauni a kundin Dare, shi ya sa ya jefa ta can ƙarshe, kuma bai so a fitar da ita ita kaɗai ba, kamfanin Virgin ne ya matsa. Wannan ya nuna ko masu waƙar ba a dogara da hukuncinsu a wannan sha'ani.

Alƙalin da ya zo daga baya shi ne lokaci, kuma ya sha rushe hukuncin na gabansa. “I Melt with You” ta Modern English ba ta wuce lamba 78 a Amurka ba a 1983, amma fim da rediyo suka raya ta har ta zama ɗaya daga waƙoƙin da Amurkawa suka fi dangantawa da zamanin. “How Soon Is Now?” ta The Smiths a bayan faifan wata waƙa aka fara fitar da ita a 1984. “Tainted Love”, wadda Soft Cell suka ɗauko daga Gloria Jones, ta yi mako 43 a jadawalin Billboard, ta sake dawowa kunnen sabon zamani a 2006 lokacin da Rihanna ta gina “SOS” a kan kiɗanta. “Running Up That Hill” ta Kate Bush, ta 1985, sai a 2022 ta kai lamba ɗaya a Birtaniya, shekara 37 bayan fitowarta, saboda an saka ta a shirin Stranger Things. Waɗanda ke zaɓe a yanzu da yawansu ba a haife su ba lokacin da aka yi waƙoƙin, kuma ba ruwansu da wanda ya sayar da kansa ko wanda ya tsaya a kan aƙida a 1979.

Akwai ma'aunin da ya fi ciniki da ƙuri'a tsayawa da ƙafarsa, wato a duba waƙar da ta sauya yadda ake yin kiɗa bayanta. A wannan ma'auni “Blue Monday” tana da hujja babba. Sauran 'yan Joy Division ne suka yi ta bayan sun koma New Order, suka fitar da ita a watan Maris na 1983. Tsawonta ya haura minti bakwai, ba ta da amshi, sunanta bai fito a cikin baitocinta ba, kuma ana shafe wajen minti biyu ana jin bugun na'urar ganga da sintasaiza kafin murya ta shigo. Peter Saville ya tsara mata kwali mai siffar faifan kwamfuta na lokacin, babu sunan ƙungiya a fuskarsa, kuma ana yawan ba da labarin cewa tsadar buga kwalin ta sa kamfanin Factory yana asara a kan kowane kwafi na farko. Duk da haka ta zama faifai mai faɗin inci 12 da ya fi kowane ciniki a tarihin Birtaniya. Ita ta shimfiɗa gada tsakanin matasa masu jita da gidajen rawa, kuma kiɗan rawa na na'ura da ya mamaye Manchester a ƙarshen shekarun 1980 ta kan wannan gada ya bi.

Wadda ke gogayya da ita ita ce “Once in a Lifetime” ta Talking Heads, daga kundin Remain in Light na 1980. Furodusa Brian Eno da mawaƙi David Byrne sun daɗe suna sauraron fayafayan Fela Kuti, musamman Afrodisiac na 1973, kuma ba su ɓoye cewa daga Legas suka ɗauko dabarar ba. A sutudiyon Compass Point da ke Bahamas ƙungiyar ta ajiye tsarin da aka saba, inda mutum ɗaya ke rubuta waƙa sauran su bi. Kowa ya riƙe ɗan gajeren bugu yana maimaita shi, aka ɗora wani kan wani har suka saƙu. Byrne ya ɗora murya a kai yana kwaikwayon salon masu wa'azin coci da yake ji a rediyon Amurka, yana magana a kan mutumin da ya farka ya tarar da gida da mota da iyali bai san yadda aka yi ya kai nan ba. Da ta fito ba ta shiga waƙoƙi ɗari na Billboard ba, a Birtaniya kuma lamba 14 ta kai a 1981. A jerin Rolling Stone na 2021 tana lamba 28.

Tsakanin waɗannan biyu, hujja ta fi rinjaya wajen “Once in a Lifetime”. Ta fito daga ƙungiyar da ta tashi a CBGB, wadda aka ɗauko sunan new wave saboda irinta, don haka Ba'amurke da ɗan Ingila ba sa jayayya a kan ko tana cikin rumfar. Ana rawa da ita, ana kuma tsayawa a yi tunani a kan maganarta, kuma masu ita sun faɗi inda suka ciwo bashin kiɗan. A 2018 Angélique Kidjo, mawaƙiya 'yar Jamhuriyar Benin, ta sake rera kundin Remain in Light gaba ɗaya, kuma cikin makaɗan da ta gayyato akwai Tony Allen, mai gangar Fela.